Lafiyar Ciki da Kwanciyar Hankali

  Hirarmu ta yau a kan ciki take. Za mu duba abin da ke tsakanin ciki da kai, watau tsakanin lafiyar hanji da kwanciyar hankali.

Mu fara da bakinmu na Hausa. In aka yi wa mutum haihuwa, sai mu ce yana farin ciki. In aka yi masa rasuwa, sai mu ce yana baƙin ciki. In ya tsorata, sai mu ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hanjinsa ya kaɗa. Mai ɓoye damuwarsa kuwa, mu ce zurfin ciki gare shi. To, kun gani: murna, da ɓacin rai, da tsoro, duk a ciki muka ajiye su. Kakanninmu ba su da madubin likita, amma sun lura. Su ne suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yau masu bincike sun gano hanyoyin da ciki da kai suke bi suna aika wa juna saƙo. Shi za mu bayyana, daki-daki.

1. Labarin wani ɗan ajinmu

A cibiyar da nake koyarwa akwai wani magidanci, manomi, mai ƙwazon karatu. Wata shekara damana ba ta yi masa kyau ba. Rumbu ya ƙare tun bazara, ya ci bashin hatsi. Daga nan sai ya fara fashin zuwa aji. Ran da ya zo, sai ya zauna baya yana dafe da ciki. Na tambaye shi lafiya. Ya ce: "Malam, cikin nan ne. Yau zawo, gobe ya ɗaure. Da dare in na kwanta sai ya yi ta murɗa, barci ya ƙi zuwa. Ko baƙaƙen allo ba su zama a kaina."

Kowace ran kasuwa yana sayen kafso wajen masu talla. Yana jiƙa kanwa yana sha. Wani ya ce masa sammu ne, har ya sayar da akuya ya kai kuɗin. Ciwo bai tafi ba, bashi kuwa ya ƙaru.

Na lallashe shi ya je gidan likita. Aka auna bayan gidansa, aka iske tsutsar ciki. Aka duba jininsa, aka iske ya ragu. Aka ba shi magani. Amma kafin ya tashi, likita ya yi masa tambaya guda: "Me ke damunka a rai?" Nan ne ya faɗi maganar bashi, wadda ko matarsa ba ta san yawansa ba. Likita ya ce masa: "Tsutsa na ba ka maganinta. Wancan kuwa, sai ka sami wanda za ku ɗauka tare."

Ya gaya wa wansa. Suka je wajen mai bashi, aka raba biya kashi-kashi. Ban ce ciwonsa ya tafi dare ɗaya ba. Sannu a hankali barci ya dawo, ciki ya lafa, ya komo kan bencinsa na gaba. Ciwon nan ta ƙofa 2 ya shiga: ta ciki da ta kai. Da an toshe ƙofa guda an bar guda, da bai warke ba.

2. Mene ne a cikin ciki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ya ga tumbi da hanji. Namu ma kusan haka yake. Abinci yana shiga baki, ya bi maƙogwaro, ya faɗa tumbi. Tumbi ya dama shi da wani ruwa mai tsami. Daga nan ya wuce ƙaramin hanji, mai tsawon mita 6 ko kusa da haka. A nan jiki yake tsotse amfanin abinci ya kai cikin jini. Abin da ya rage ya shiga babban hanji, mai tsawon kamar mita 1 da rabi, kafin ya fita.

A jikin bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya, irin waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwa. Yawansu ya fi miliyan 100. Su ke sa hanji ya motsa, ya tura abinci gaba, ya zubo ruwan narkarwa. Suna wannan aiki ko muna barci, ba sai mun ba su umurni ba. Don haka wasu likitoci suke kiran hanji ƙwaƙwalwa ta biyu. Ba ta lissafi, ba ta karatu, amma tana ji, tana kuma kai rahoto.

3. Wayar da ta haɗa ciki da kai

Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa. Ta bi ta wuya, ta ratsa ƙirji, ta sauka ciki. Likitoci suna kiranta bagus. Ku ɗauke ta kamar wayar tarho tsakanin gari 2. Abin lura shi ne, cikin zaruruwa 10 na wannan jijiya, wajen 8 daga ƙasa suke kai labari sama. Ashe ciki ya fi kai yawan magana. In ciki ya ƙoshi, ko ya kumbura, ko wani abu ya ɓata shi, ƙwaƙwalwa tana samun labari.

Saƙo yana kuma saukowa daga sama. A ce kana tafe cikin gona, ka yi kiciɓis da maciji. Nan take ƙwaƙwalwa ta ba da umurni. Zuciya ta buga da sauri. Jini ya bar ciki ya tafi ƙafafu da hannuwa don gudu. Baki ya bushe, tumbi ya dakatar da aiki, babban hanji kuwa ya ƙara sauri. Shi ya sa mai tsoro yakan ji zawo. Wannan shiri yana da amfani, in na ɗan lokaci ne. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai.

Amma bashi ba maciji ba ne, ba ya wucewa cikin minti 5. Rikicin gida, da rashin aiki, da jiran labarin ɗa da ya tafi cin rani, suna iya ɗaukar watanni. Duk tsawon lokacin jiki yana cikin shirin gudu. Sai ciki ya rikice: yau zawo, gobe ɗaurewa, ga kumburi, ga murɗa. Akwai masu irin wannan ciwo da ake aunawa ba a ga gyambo ba, ba a ga tsutsa ba. Ba ƙarya suke yi ba, ba raki ba ne. Hanjinsu ne ya zama mai saurin jin ciwo, kuma damuwa tana tayar da shi. Ciwon ciki ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, damuwa ta ƙara ciwon ciki.

An taɓa ganin wannan da ido. A shekarar 1822, a ƙasar Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a ciki. Wani likitan soja, William Beaumont, ya yi jinyarsa. Saurayin ya rayu, amma raunin ya warke ya bar ƴar ƙofa har cikin tumbi. Ta wannan ƙofa likitan ya yi shekaru yana duba yadda tumbi yake aiki. Yakan ɗaure ɗan nama da zare ya zura, bayan wani lokaci ya jawo ya duba. Ya lura cewa in saurayin ya yi fushi ko ya tsorata, launin tumbi yakan sake, narkewar abinci ta yi jinkiri. Ya rubuta abin da ya gani cikin littafi a 1833.

4. Garken da ke cikin hanji

Yanzu mu zo kan wani abu da ido ba ya gani. A cikin babban hanji akwai ƙananan halittu, ana ce musu bakteriya. Sai da madubin likita ake ganinsu. A 2016 wasu masana suka yi lissafi, suka ce a jikin babban mutum guda akwai wajen miliyar dubu 38. In aka tara su duka, nauyinsu kamar giram 200 ne, bai kai rubu'in kilo ba.

Kada ku tsorata. Mun saba jin cewa irin waɗannan ƙwayoyi cuta suke kawowa. Gaskiya ne, akwai masu kawo cuta. Amma mafi yawan na cikin hanji masu taimako ne. Ku ɗauke su kamar garke. Kai ka ba su kiwo, su su ba ka amfani.

Me suke ci? Suna cin abin da tumbinmu ya kasa narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, tsakin ƴaƴan itace. In sun ci, sai su fitar da wasu sinadarai masu ciyar da bangon hanji, masu rage kumburi a jiki. Suna tare wa miyagun ƙwayoyi wuri, kamar yadda gona mai cike da shuka take hana ciyawa sakewa. Suna kuma taɓa jijiyoyin nan masu kai labari sama.

Akwai wani sinadari mai suna serotonin. A ƙwaƙwalwa yana da hannu cikin barci da yanayin rai. Kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa. Na hanji ba ya shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Aikinsa shi ne motsa hanji da taɓa jijiyoyi. Amma wannan ya nuna mana cewa ciki da kai da harshe guda suke magana.

5. Abin da bincike ya nuna

A 2004, a ƙasar Japan, wani likita mai suna Nobuyuki Sudo da abokan aikinsa suka yi gwaji da ɓeraye. Sun rene su a wuri mai tsananin tsabta, babu bakteriya ko guda a cikinsu. Da aka matsa musu, jikinsu ya fitar da sinadarin firgita fiye da na sauran ɓeraye. Da aka ba su bakteriya mai amfani tun suna ƙanana, abin ya daidaita.

A 2011 aka ba wasu ɓeraye wata bakteriya, danginsu guda da mai tsamar da nono. Suka rage tsoro. Da aka yanke musu jijiyar bagus, amfanin ya ɓace. Ashe ta wayar nan saƙon yake bi.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. A 2017 aka gwada wannan bakteriya ga mutane masu lafiya, ba a ga wani bambanci ba. Saboda haka, in wani ya zo da kwalba ya ce ga ƙwayar da ke gyara hanji ta kori baƙin ciki, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ya fi ba da ƙarfin gwiwa shi ne abinci. A shekarar 2017 ɗin, a ƙasar Ostareliya, wata malama mai suna Felice Jacka ta jagoranci wani gwaji. An ɗauki mutum 67 masu ciwon baƙin ciki mai tsanani, aka raba su kashi 2. Kashi guda aka koya musu gyaran cimaka: hatsi da dusarsa, wake, ganye, ƴaƴan itace, kifi, da rage kayan zaƙi. Ɗaya kashin ana zama da su ana hira kawai. Bayan mako 12, wajen mutum 1 cikin 3 na masu gyaran cimaka sun sami sauƙi sosai. A ɗaya kashin, bai kai 1 cikin 10 ba. Mu lura da abu 2. Mutanen ba su da yawa. Kuma masu shan maganin likita a cikinsu ba su bar maganinsu ba. Abinci mataimaki ne, bai maye gurbin likita ba.

6. Arzikin da ke cikin tukunyarmu

Ga wani labari daga maƙwabtanmu. A 2010 wasu masana na ƙasar Italiya suka auna bayan gidan yaran wani ƙauye mai suna Boulpon, a Burkina Faso. Suka gwada da na yaran birnin Florence na ƙasarsu. Yaran ƙauyen gero suke ci, da dawa, da wake, da ganye, kamar dai namu. Aka iske garken cikinsu ya fi na yaran Turai yawan iri. Sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji ma sun fi yawa gare su. Binciken bai auna halin ran yaran ba, hanji kaɗai ya duba. Amma ya nuna cewa cimakarmu ta gado ba abin rainawa ba ce.

Ku duba abin da muke da shi. Ga gero da dawa. Ga wake da gujiya da gyaɗa. Ga zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuka da kuɓewa. Ga albasar Galmi, ga ayar Maraɗi. A daji ga magarya, kanya, goruba da ɗinya. Duk kiwo ne ga garken ciki.

Muna kuma da abinci mai tsami. Nono da kindirmo bakteriya ce take tsamar da su, kuma tana nan da rai lokacin da muke sha. Koko da daddawa ma aikin irin waɗannan halittu ne. Dafuwa tana kashe su, amma abincin da suka riga suka sarrafa yana da sauƙin narkewa. A 2021, a jami'ar Stanford ta Amurka, an ƙara wa wasu mutane abinci mai tsami har mako 10. Garken cikinsu ya ƙara yawan iri, alamun kumburi cikin jininsu suka ragu.

Yau a birane, har da ƙauyuka, tukunya tana sakewa. Farar shinkafa, taliya, burodi da lemon kwalba suna ture tuwo da fura. Ba mu ce haramun ba ne. Amma an cire musu dusa, abin da suka bar wa garken ciki kaɗan ne. Wanda ya mai da su abincin kullum ya bar garkensa da yunwa.

Kuma abinci iri guda, kowane iri ne, ba ya isa. Akwai wata cuta mai suna pelagra. Tana kama mutanen da masara ce kusan dukan cimakarsu. Fata ta yi baƙi ta yi kaushi inda rana take duka, zawo ya biyo, daga baya hankali ya ruɗe. Rashin wani bitamin ne yake kawo ta. Gyaɗa, wake, nama da kifi suna tsare mutum daga gare ta. Kun ga cuta guda ta taɓa ciki ta taɓa kai.

7. Abokan gaban ciki

Na farko, ruwa marar tsabta da hannu marar wanki. Su ke kawo zawo da atuni. Yaron da zawo yake yawan kamawa ba ya girma daidai, ba ya kuzarin wasa, karatu ma yakan yi masa nauyi.

Na biyu, tsutsar ciki. Akwai wadda take shiga ta tafin ƙafa in an taka ƙasar da aka yi bayan gida a kai. Tana kama bangon hanji tana shan jini. Mai ƙarancin jini kullum a gajiye yake, ga jiri, ga saurin fushi, ga mantuwa. Sai a ce ya zama rago, alhali jini ne babu.

Na uku, shan magani barkatai. Kafson da ake kira antibiyotik yana ceton rai in likita ya rubuta shi. Amma ba ya bambanta mugu da nagari. Duk lokacin da aka sha shi, yana kashe wani sashe na garken ciki. Mai sayen ƙwaya 2 yau, ƙwaya 3 jibi, yana cutar kansa sau 2: ya rage masu taimakonsa, ya koya wa miyagun ƙwayoyi jure magani. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, in ana yawan shan su, suna iya cin bangon tumbi. Tramol kuwa yana ɗaure ciki, yana kama mutum ya kasa bari, yana rikita hankali.

Na huɗu, wata ƙwaya mai zama cikin tumbi, sunanta Helicobacter. Da, likitoci suna tsammanin damuwa da yaji ne suke kawo gyambon ciki, watau olsa. A 1982 wasu likitoci 2 na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wannan ƙwaya. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da gangan, tumbinsa ya kamu. A 2005 aka ba su babbar kyautar Nobel. Darasi a nan shi ne: ba kowane ciwon ciki ne na damuwa ba. Gyambon ciki yana da magani, kuma likita ne yake ba da shi. Kanwa tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, ba ta kashe ƙwayar.

Na biyar, shayi mai kauri, goro da taba, musamman da dare ko ciki babu kome. Suna ƙara zafin ƙirji, shayi da goro kuma suna korar barci.

8. Me za mu yi?

Na 1. Mu rage surfe mai yawa. A bar wa hatsi ɗan dusarsa.

Na 2. Kowace rana a sami ganye a miya ko a kwaɗo. A sa wake sau da yawa cikin mako. Wanda bai saba ba ya fara kaɗan-kaɗan, don kada ciki ya cika da iska.

Na 3. Mu sha nono. Amma a tafasa madara kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar dabba. Kada a dama fura da ruwan da ba a yarda da shi ba.

Na 4. Ruwan sha, in ba na famfo mai tsabta ba ne, a tafasa ko a sa maganin ruwa. A rufe randa, a ware mata moɗa. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, da kafin girki, da kafin cin abinci. A yi amfani da masai, a sa takalmi.

Na 5. Jariri nonon uwa kaɗai zai sha har wata 6. A cikin nonon uwa akwai wani irin sukari da jariri ba ya narkarwa. Abincin garken cikinsa ne.

Na 6. In zawo ya kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake samu gidan likita. In babu, a sami lita 1 ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba shi nono da abinci, a kai shi likita.

Na 7. Kada a sha kafso sai likita ya rubuta. In ya rubuta, a sha yadda ya ce.

Na 8. A ci abinci a zaune, a tauna da kyau. Kada a kawo maganar rikici bakin akushi. A bari a ci, a sha ruwa, sa'an nan a yi magana.

Na 9. A rage zurfin ciki. Damuwar da aka faɗa wa amini, ko miji, ko mata, ko wani dattijo, ta rage nauyi. Mai saurare kuma ya riƙe amana.

9. Alamomin da ba a jira da su

Akwai lokacin da gyaran cimaka da hira ba su isa ba. A tafi gidan likita ba da jinkiri ba in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini cikin bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, rama babu dalili, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ciwon ciki mai tsanani tare da zazzaɓi, zawon da ya ƙi tsayawa.

Ta wajen kai ma akwai alamomi. Mutum ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, kusan kowace rana. Abin da yake so da, yanzu ba ya sha'awarsa. Ba ya barci, ba ya cin abinci, ya janye daga mutane. Ko mai jego ta yi ta kuka, ta kasa kula da jaririnta. Wannan ciwo ne, kamar yadda zazzaɓi yake ciwo. Ba lalaci ba ne, ba abin kunya ba ne, kuma yana da magani. Wanda ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko yana tunanin kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da guba da maganin ƙwari daga kusa da shi, a kai shi likita a ranar. Kada a ɗaure marar lafiya, kada a doke shi. Kuma wanda likita ya ɗora bisa magani, kada ya bari don ya ji wannan hira.

Abin da za mu riƙe

Ciki da kai suna magana dare da rana. Abin da ya ɓata ciki yana iya ɓata rai. Abin da ya ɓata rai yana iya ɓata ciki. Saboda haka, mai ciwon ciki a tambaye shi abin da ke ransa. Mai ɓacin rai a tambaye shi abin da yake ci da yadda yake barci. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ga jimloli 3 na rubutawa bisa allo:

Wake da ganye suna gyara ciki.
Ba a shan kafso sai da izinin likita.
Damuwa ciwo ce, tana da magani.

Ga kuma tambayoyi da za ku tattauna a cibiyarku:

1. Waɗanne kalmomi kuka sani a Hausa da suka haɗa ciki da halin rai?
2. Wane ganye ne kakanninku suke ci wanda aka bari yanzu? Me ya sa?
3. Nawa gidanku ya kashe wajen masu tallar magani cikin watan jiya? Ku rubuta lissafin.
4. A garinku, wa mutum yake zuwa wajensa in damuwa ta yi masa yawa?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.